Yadda ake sarrafa ƙofar haske da saurin ƙiftawar kyamara

Ranar da na fara zuwa ɗaukar hoton ɗaurin aure da sabon lens ɗina, wato gilashin gaban kyamara, mai tsawon 50mm, ji nake kamar na fi kowa. Da aka shafa fatiha, sai abokan ango suka jeru layi uku a ƙofar masallaci, ango a tsakiyar layin gaba. Na buɗe lens ɗin har ƙarshensa, wato f/1.8, don an ce mini abin da ke sa hoto ya yi kyau ke nan. A ɗan allon kyamara komai ya fito tas. Sai da na koma gida na zuba a kwamfuta na ga aika-aikar: ango da mutum biyu na gefensa ne kaɗai suka fito, sauran kamar an shafa musu man kaɗanya a fuska. Cikin waɗanda suka yi dishi-dishi har da babban wan ango, wanda shi ne zai biya ni.

Kyamarar ba ta yi laifi ba, abin da na ce ta yi shi ta yi. Ni ne ban san me na ce mata ba.

Abubuwa biyu da mai awo ya sani

Hoto haske ne da aka auna. Ka ɗauka mai awo ne zai cika mudu da gero daga buhu. Yana iya buɗe bakin buhun sosai ya zuba na ɗan lokaci kaɗan, yana kuma iya matse bakin ya bar geron yana tsiyaya har mudun ya cika. Ko ta wace hanya, mudu ɗaya ne. In ya tawaya, hoto ya yi duhu. In ya zube, hoto ya ƙone ya yi fari fat.

Bakin buhun shi ne ƙofar haske, wadda masu hoto ke kira afaca. Wasu siraran ganyayyakin ƙarfe ne a cikin lens, suna tsukewa suna buɗewa kamar idon mage, wanda da rana za ka gan shi siriri, da dare ya buɗe wangam. Tsawon lokacin zubawar kuma shi ne saurin ƙiftawa, wato shota: labule ne da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Akwai na uku, ISO, wanda za ka iya ɗaukar sa a matsayin girman mudun. Ƙaramin kwano ya fi saurin cika, amma awonsa bai kai na babba tsabta ba, domin idan ISO ya yi sama da yawa hoton kan yi yashi-yashi.

Da a ce cika mudun ne kawai aikin, da sai a bar wa kyamara ta yi da kanta, ta ma fi mu sauri. Abin da ya sa muke sa hannu shi ne, kowace ɗaya daga cikin biyun tana canza kamannin hoton. Ƙofar haske ce ke yanke zurfi, wato yawan abin da zai fito tangaran daga gaba zuwa baya. Ƙiftawa ce ke yanke ko abin da ke motsi zai tsaya cak ko zai ja jela. Kyamara ba ta san ko wan ango yana layin baya ba. Kai ka sani.

Mataki na farko: koyi karanta lambobin

Ƙofar haske ana rubuta ta da harafin f. Jerin da ya kamata ka haddace shi ne: f/1.4, f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, f/22. Abin da ke rikita kowa da farko shi ne, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Dalilin ba wani boyayye ba ne, lissafin rabawa ne: ana raba tsawon lens, wato milimitar da aka rubuta a jikinsa, da lambar. Lens mai 50mm a kan f/2, faɗin ƙofarsa milimita 25 ne. A kan f/16 kuwa milimita 3 da ɗan ɗoriya. Kamar dai rabon gado, da yawan magada, da ƙanƙantar kason kowa.

Daga kowace lamba zuwa ta gaba a wannan jeri, hasken da ke shiga yana raguwa da rabi. Wato f/4 rabin hasken f/2.8 take bari ya wuce, f/5.6 kuma rabin na f/4. Wannan tazara ita za mu riƙa kira mataki ɗaya.

Ƙiftawa kuma da daƙiƙa ake auna ta: 1/1000, 1/500, 1/250, 1/125, 1/60, 1/30, 1/15, 1/8, 1/4, 1/2, sai daƙiƙa 1 cur. Nan ma tsakanin kowace biyu mataki ɗaya ne. Yawancin kyamarori suna tashi daga daƙiƙa 30 har zuwa 1/4000, manya daga ciki su kai 1/8000. Ka lura da yadda kyamararka ke rubutawa: wasu idan sun nuna 125 suna nufin 1/125, idan kuma cikakkun daƙiƙu ne sai su sa 'yan ɗigo biyu a sama, kamar 2". Na ga wanda ya ɗauka 2" sauri ne, ya yi ta mamakin me ya sa kyamara take daɗewa kafin ta yi ƙara ta biyu.

Idan ka murza 'yar tayar da ke ƙarƙashin yatsanka, za ka ga wasu lambobi a tsakani, irin su f/4.5 da f/5, ko 1/160 da 1/200. Kada su dame ka. Yawanci an raba kowane mataki gida uku ne, don haka ƙas-ƙas-ƙas sau uku mataki ɗaya ke nan. Wannan ƙirgen zai yi maka amfani ƙwarai: idan ka tsuke ƙofa da ƙas uku, sai ka rage saurin ƙiftawa da ƙas uku, haske ya koma yadda yake. Hoton da aka ɗauka a f/8 da 1/125, da wanda aka ɗauka a f/5.6 da 1/250, da na f/4 da 1/500, duk haskensu ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne zurfi da motsi.

Mataki na biyu: sauka daga kan koren wuri

A saman kyamara akwai babban maɓalli mai juyawa. Mafi yawan masu sabuwar kyamara suna barin sa a kan koren wurin nan na atomatik har kyamarar ta tsufa. Wurare uku ne kake buƙata. Na farko shi ne wanda kai za ka zaɓi ƙofar haske, kyamara ta zaɓi ƙiftawa: a Canon an rubuta Av, a Nikon da Sony an rubuta A. Na biyu kai za ka zaɓi ƙiftawa, ita ta zaɓi ƙofa: Tv a Canon, S a Nikon da Sony. Na uku M, inda duka biyun ke hannunka.

Akwai wani fahari da ake yi a cikin masu hoto, wai in ba a M kake aiki ba, kai ɗan koyo ne. Ban yarda da wannan ba. A wurin biki, inda amarya za ta fito daga ɗaki mai duhu zuwa tsakar gida mai rana a cikin daƙiƙa uku, wanda yake kan Av ya riga ya ɗauka, na M yana can yana murza taya. M yana da wurinsa, za mu zo kansa.

Kafin ka taɓa komai, tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: me zai iya ɓata wannan hoton, motsi ko zurfi? In motsi ne, tafi Tv ko S. In zurfi ne, tafi Av ko A. Sai ka tsayar da wannan ɗin, ka bar ɗayan ya biya kuɗin.

Mataki na uku: aiki da ƙofar haske

Yi wannan gwaji a tsakar gida da safe ko da la'asar. Jera kofuna biyar a kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya, tazarar taƙi guda tsakaninsu, layin ya miƙe daga gabanka zuwa nesa. Sa kyamara a Av ko A, ISO 200. Saita fokas, wato wurin da kake so ya fi fitowa sarai, a kan kofi na biyu. Ɗauka da mafi ƙanƙantar lambar da lens ɗinka ke da ita, sannan f/5.6, sannan f/8, sannan f/16, ba tare da ka gusa ba. Duba su a babban allo, ba na kyamara ba. A hoton farko kofi ɗaya ne zai fito, a na ƙarshe kusan duka. Ka kuma lura da yadda lambar ƙiftawa take sauka duk lokacin da ka tsuke ƙofa. Kuɗin da na ce ana biya ke nan.

Don ka gane yadda abin yake da tsanani: lens mai 50mm a kan f/1.8, a ƙaramar kyamara irin wadda yawancinmu ke riƙewa, idan mutum yana nisan mita 2, yankin da zai fito tangaran bai wuce santimita goma sha biyu ba, bai ma kai taƙi ɗaya ba. A f/8 sai ya kai kusan rabin mita. Yanzu ka tuna abokan angon nan masu layi uku.

Ga yadda nake zaɓa. Mutum ɗaya, ana so bayansa ya narke, kamar amarya a gaban katangar da ba ta da fenti: f/1.8 zuwa f/2.8, kuma fokas a kan idon da ya fi kusa da kai. Ido, ba hanci ba, ba goggoro ba. Ango da amarya tare: f/4, kuma ka roƙe su su daidaita fuskokinsu a layi ɗaya. Mutane layi biyu ko uku: f/8, fokas a kan layin gaba in biyu ne, ko na tsakiya in uku ne, sannan ka ja da baya kaɗan. Gini ko fili, kamar ka hau Dutsen Dala kana so ka ɗauko rufin gidaje har inda ido ya ƙare: f/8 zuwa f/11. Hannun amarya da aka yi wa lalle, wanda za ka matsa kusa sosai: f/5.6 ko sama, domin da kusancinka, da ƙanƙancewar zurfin, kuma zanen da aka ɓata awanni ana yi bai kamata rabinsa ya ɓace ba.

To, wanda ba shi da lens mai f/1.8 fa? Lens ɗin da ake sayar da kyamara da shi yawanci 18-55mm ne, an rubuta 3.5-5.6 a jikinsa. Ma'anarsa, a 18mm zai buɗe har f/3.5, amma da ka janyo zuwa 55mm iyakarsa f/5.6, kome murzawarka. Ba lalacewa ya yi ba. Duk da haka za ka iya narkar da baya: janyo zuwa 55mm, matsa kusa da mutumin, sannan ka raba shi da bango. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a jingina mutum da katanga. Ka ce masa ya tako taku biyar ko shida gaba, za ka ga bambanci ko da f/5.6 ne.

Kada ka ɗauka f/22 ita ce ƙarshen kaifi. Idan ƙofar ta tsuke da yawa, hasken kan ɗan watse a gefen ganyayyakin, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Yawancin lens sun fi kaifi tsakanin f/5.6 da f/8. Ga kuma wata matsala tamu ta ƙasar hazo: da hunturu, ƙura tana shiga ta zauna a kan sensa duk lokacin da ka canza lens. A f/4 ba za ka gan ta ba. A f/16 zuwa sama sai ka ga baƙaƙen ɗigo a sararin samaniya, wuri ɗaya a kowane hoto. Wannan ma hanya ce ta bincike: ɗauki hoton sama ko farar takarda a f/22, duk dattin da ke ciki zai tona kansa.

Mataki na huɗu: aiki da saurin ƙiftawa

Motsi iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai rawar hannunka, akwai motsin abin da kake ɗauka.

Rawar hannu tana da tsohon ma'auni: kada ƙiftawa ta yi ƙasa da tsawon lens. Lens mai 50mm, 1/50 ko sama. Mai 200mm, 1/200 ko sama. Amma ƙananan kyamarori masu ƙaramin sensa suna ƙara janyo hoto, na Nikon da Sony sau 1.5, na Canon sau 1.6, don haka 50mm ya zama kamar 75 ko 80, 200mm ya zama kamar 300 ko 320. Sai ka yi lissafi da wannan. Lens mai na'urar rage girgiza, wadda Canon ke rubutawa IS, Nikon VR, Sony OSS, zai ba ka rangwamen wasu matakai. Tsayuwarka ma tana taimakawa: hannun hagu a ƙarƙashin lens, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, kyamara a jikin goshi, ka latsa a hankali ba kamar mai kashe sauro ba.

Sai dai na'urar rage girgiza hannunka kawai take riƙewa, ba ta riƙe yaron da ke guje-guje. Mutum a zaune yana magana, kada ka sauka ƙasa da 1/125. Mutane na tafiya, ko mata na liƙi a fili, 1/250. Yara, 'yan ƙwallo, 'yan dambe ko 'yan kokawa, 1/500 zuwa 1/1000. Doki a sukuwane, 1/1000 ne mafari.

Bari mu tsaya a kan dokin, don nan ne abin yake da daɗi. Ka ɗauka kana Ƙofar Kudu a Kano ranar hawan Daushe, washegarin Sallah, kana jiran jafi. Mahaya za su taho a guje su ja linzami a gaban Sarki, ƙura ta tashi. Sa kyamara a Tv ko S, ƙiftawa 1/1000, fokas mai bin motsi, wato AI Servo a Canon ko AF-C a Nikon da Sony, da ɗauka a jere. Matsalar ita ce hawan da yamma ake yi, kuma rana ba ta jiran kowa. Da farko ISO 200 zai ishe ka. Can an jima za ka ga lambar f tana ƙyaftawa a cikin ramin leƙe. Kyamara ce ke gaya maka ta buɗe ƙofa har ƙarshe kuma mudu bai cika ba. Kada ka rage saurin ƙiftawa. Ɗaga ISO zuwa 400, 800, 1600, har sama in ta kama. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana iya gyara shi, ana ma iya haƙuri da shi. Dokin da ya zama hayaƙi ba shi da magani.

Wani lokacin kuma motsin ne abin nema. Doki da aka tsayar cak da 1/2000 yana iya zama kamar gunki. Gwada wannan a bakin titi kafin ranar hawa: sa 1/30 ko 1/60, tsaya ƙafa a ware, zaɓi wani Keke Napep ko mai babur da ke tahowa, bi shi da kyamara kana juya ƙugu ba hannu ba, latsa lokacin da ya zo daidai gabanka, kuma ka ci gaba da bin sa bayan ka latsa. In an dace, keken zai fito sarai, bayansa ya zama zane-zanen gudu. Cikin goma wataƙila ɗaya ko biyu su yi. Haka abin yake ga kowa. Da rana tsaka za ka ga kyamara ta tsuke ƙofa zuwa f/22 don rama jinkirin, saboda haka ya fi kyau a gwada da yamma, ISO a kan 100.

Da dare kuma, in kana so fitilun motoci su zama dogayen layukan ja da fari, kana buƙatar abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ko aƙalla kan katanga da ɗan buhun shinkafa a ƙarƙashin kyamara. ISO 100, f/11, daƙiƙa 10 zuwa 15. Kunna agogon jinkiri na daƙiƙa 2, don kada yatsanka ya girgiza ta.

Mataki na biyar: lokacin da kyamara ta yi kuskuren awo

Nan ne farar shadda ke kunyata mutane. Na'urar awon haske da ke cikin kyamara tana ɗauka cewa duk abin da ke gabanta, in an gauraya shi, toka-toka ne. Idan ka nuna mata taron ɗaurin aure, kowa da farar babbar riga, sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Rigunan su fito kamar an wanke su da ruwan toka, fuskoki kuwa baƙi ƙirin. Idan kuma mawaƙi ne a kan dandamali bayansa duhu, sai ta ƙara haske har fuskarsa ta ƙone.

Maganin yana kan maɓallin da aka zana wa +/-. Danna shi ka murza taya. Fari ya yi yawa, ƙara: +2/3 ko +1. Duhu ya yi yawa, rage: -1. Yana jin kamar an juya magana, amma haka yake. Sai ka kunna gargaɗin ƙonewa a cikin saitin duba hoto, wanda ke sa duk inda ya ƙone ya riƙa walƙiya. Idan ɗan ƙyallin gilashin mota ne ke walƙiya, rabu da shi. Idan aikin wuyan rigar ango ne, wanda aka kashe wa kuɗi, rage ƙas ɗaya ko biyu ka sake.

Gaskiyar magana, baƙar fata da farar shadda a ƙarƙashin ranar azahar sun fi ƙarfin kowane saiti. Tazarar da ke tsakanin hasken rigar da inuwar da hula ta yi wa fuska ta yi yawa. Ka kai mutanen inuwar bishiya ko ta rumfa, su fuskanci wajen da hasken ke shigowa. Wannan taku goma ya fi duk murze-murzen da za ka yi. In kyamararka na ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta sarrafa ba, kunna shi a irin wannan rana, don ya fi JPEG barin wurin gyara.

Mataki na shida: M

M na wurin da haske ba ya canzawa ne: situdiyo, ɗakin taro, ko fili da rana ba gajimare. Amfaninsa shi ne, in ka daidaita sau ɗaya, ko mai farar riga ya shigo ko mai baƙa, awon ba zai gusa ba.

Manyan kyamarori taya biyu gare su, ɗaya ta ƙofa, ɗaya ta ƙiftawa. Ƙanana irin su Canon 2000D ko Nikon D3500 taya ɗaya ce: in ka murza ta haka nan ƙiftawa take canzawa, in kana son ƙofa sai ka danne maɓallin +/- ɗin nan sannan ka murza. A cikin ramin leƙe akwai ɗan ma'auni daga -2 ko -3 zuwa +2 ko +3, da sifili a tsakiya. Tsarin aikin: tsayar da wadda ta fi damunka, murza ɗayar har alamar ta zo kusa da sifili, ɗauki gwaji, duba, gyara. In duka biyun sun kai iyakar da za ka iya jurewa kuma har yanzu duhu, sai ka ɗaga ISO.

Akwai wani tsohon ma'auni daga zamanin fim da har yanzu yake aiki, kuma rana irin tamu ta dace da shi: a rana tangararan, f/16, ƙiftawa daidai da ISO. Wato ISO 100, f/16, 1/100 ko 1/125. Daga nan sai ka yi ta musaya: f/11 da 1/250, f/8 da 1/500, f/5.6 da 1/1000, f/4 da 1/2000, f/2.8 da 1/4000. Ka ga inda aka tsaya? In iyakar kyamararka 1/4000 ce, ba za ka iya buɗe f/1.8 a tsakar rana ba sai hoton ya ƙone. Ko ka koma inuwa, ko ka ɗaura wa lens baƙin gilashin rage haske da ake kira ND.

Filasha da fitilun ɗakin taro

Abu biyu ne ke faruwa a dina da ba sa faruwa a waje. Na farko, idan ka ɗora filasha, ƙiftawa tana da iyaka, yawanci 1/200 ko 1/250. In ka wuce ta da filashar da ba ta magana da kyamarar, za ka ga baƙin gyale ya rufe wani gefe na hoton, domin labulen bai gama buɗewa ba hasken ya tashi. Sannan da filasha aikin ya rabu: ƙofa da ISO suna shafar hasken filasha da na ɗakin duka, ƙiftawa kuwa hasken ɗakin kaɗai take shafa. Shi ya sa hotunan dina da yawa za ka ga amarya fes, bayanta kamar cikin rijiya, duk adon da aka yi wa wurin ya ɓace. Sauko da ƙiftawa daga 1/200 zuwa 1/60, ɗaga ISO zuwa 800, ƙofa f/4, fitilun ado za su dawo.

Na biyu, wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wasu fitilun, musamman dogayen ƙwai da masu arha na LED, suna ƙyaftawa tare da ita ba tare da ido ya gani ba. Idan ka ɗauka da sauri kamar 1/500, sai ka ga wani hoton ya yi haske wani ya yi duhu, ko launi ya bambanta, ko layuka a kwance. Koma 1/100 ko 1/50. Masu bidiyo ma shi ya sa suke zama a 1/50 idan suna ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa. In janareto ne ke aiki kuma ba ya tafiya daidai, ko wannan ba lallai ya share layukan duka ba, sai ka murza ƙas ɗaya sama ko ƙasa kana duba allo.

Idan aka tashi daga dina, kafin ka sa kyamara a jaka, mayar da ita gida: Av ko A, f/5.6, ISO 200, maɓallin +/- a kan sifili. Na taɓa fita da safe ɗaukar hoton suna da ISO 3200 da +1 na daren jiya, ban lura ba sai da aka gama yanka rago.